Me ake koya wa yara da manya don su daina cutar da dabbobi?

Mai Alli ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san dabbobi da waɗanda suka san koyarwa. Ana so a tsara darussa na mako goma, minti 40 kowane mako, ga yara 'yan shekara 8 zuwa 12, sannan a yi zama biyu ko uku da manya, masu aiki da jakuna da shanu da masu ajiye kare ko kyanwa a gida. Abin da ake son ragewa shi ne irin su jifan kare, ɗaura wa kyanwa gwangwani a wutsiya, harbin tsuntsu da danƙo, lafta wa jaki kaya har ya durƙusa, da barin akuya a turke cikin rana ba ruwa.

Ga inda gizo ke saƙar. Babu wanda bai san kalmar "a tausaya wa dabba" ba. Yaro zai rera ta a aji, ya rubuta ta a jarrabawa ya ci maki, a tashi ya fita ya duƙa ya ɗauki dutse. To, takamaimai me ake koyarwa, kuma da me ake farawa? Nuna hotunan dabbobin da aka azabtar yana da amfani ko kuwa? Sannan ta yaya za a gane darasin ya shiga?

Likitan Garke ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da raba matsalar gida biyu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai mai cutar da dabba don yana jin daɗin ganin ta tana shan wuya, kuma irinsa ba su da yawa. Mafi yawan wahalar da dabbobi ke sha tana zuwa ne daga hannun masu su, waɗanda ba sa ƙin su, sai dai ba su iya karanta ciwo a jikinsu ba, ko kuma sun gani amma ba su san abin da za su yi maimakon abin da suka saba ba. Wannan kashi na biyu shi ilimi ke gyarawa, kuma ni zan tsaya ne a kan manya.

Ƙashin bayan darasin akwai shi tuntuni. A 1965 wani kwamiti a Birtaniya ƙarƙashin Farfesa Roger Brambell ya binciki halin da dabbobin gona ke ciki, daga rahotonsa aka fitar da haƙƙoƙi biyar waɗanda aka tsara a 1979: kada dabba ta zauna da yunwa ko ƙishi, kada ta rasa wurin hutawa da inuwa, kada a bar ta da ciwo ko rauni ko cuta, kada ta zauna cikin tsoro, kuma a bar ta ta yi ɗabi'arta ta halitta. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ma da su take aiki. Amma kada ki karanta wa masu jakuna su kamar karatun allo. Ki juya kowane ɗaya ya zama abin da hannu zai yi.

Ɗauki jaki. Jaki yana ɓoye ciwo fiye da doki nesa ba kusa ba. Doki mai ciwon ciki zai yi ta birgima yana harbi, jaki kuwa sai ya tsaya shiru, kai a ƙasa, kunnuwa sun kwanta gefe, ya sa baki a ciyawa yana motsa leɓe kamar yana ci alhali ba ya haɗiye komai. Mai shi ya ce taurin kai ne, ya ɗauko tsumagiya. Jakin da ya daina ci ko ya ware daga 'yan'uwansa, a ranar ake neman likita, saboda in ya kwana biyu ba ya ci, kitsen jikinsa yana narkewa ya cika jini ya lalata hanta, wannan kuwa yana kisa.

Batun kaya, ƙa'idar da aka fi koyarwa ita ce kada abin da ke bayansa ya wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Jaki mai kilo 150, kayansa kilo 50 ke nan, har da akumari. Mutane ba su da sikeli, sai a ba su ma'aunin da suka sani: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka huɗu masu lita 20 kilo 80 ne, an riga an zarce. Kuma nauyin ya hau haƙarƙari dama da hagu daidai wa daida, a bar rami a tsakiyar akumarin yadda ƙashin baya ba zai taɓa komai ba. A nuna musu da hannu: a ɗora akumari, a zura tafin hannu ta gaba a kan doron, in hannun bai wuce ba to can gyambo zai fito. Duk abin da zai taɓa fata ya zama auduga ko ƙyalle mai laushi, mai faɗi. Igiyar leda da waya da robar taya suna yanka, buhun leda kuma yana tara gumi ya dafa fata. Fararen gashi da ake gani tsibi-tsibi a bayan jaki ba ado ba ne, tabon tsohon miki ne, yana nuna daidai inda kayan ke dannawa. Idan amalanke yake ja, maɗaurin ƙirji ya zauna sama kaɗan da gaɓar kafaɗa, ƙasa da maƙogwaro, a sa kuma wani maɗauri a bayan cinyoyi don kada amalanken ya dake shi a gangare.

Miki kuma, abin da aka fi zuba masa shi ne baƙin mai, ko ruwan batir, ko a yi lalas da jan ƙarfe. Dukkansu suna kashe sabon naman da ke tohowa, mikin mako biyu ya koma na wata uku. Abin da za a ba su a madadi mai sauƙi ne: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce, a wanke sau biyu a rana, a kare daga ƙudaje, kada kuma wani kaya ya sake hawa wurin sai ya rufe. In kin ce "ku daina baƙin mai" ba ki ba su ruwan gishiri ba, gobe ma baƙin man za su ɗauko, don shi ne a kusa.

Sai ruwa. Da yawa sun yi imani dabbar da ta yi gumi in ta sha ruwa za ta kamu da ciwo, sai a hana ta har yamma. Ba haka ba ne. A miƙa mata duk bayan 'yan sa'o'i, a inuwa, a bar bokitin a gabanta kamar minti biyar, domin jaki yakan shinshina ya yi jinkiri kafin ya sa baki, mai gaggawa sai ya ce ai ba ya so.

Shanu kuwa, rabin dukan da suke sha don mai korar ya tsaya a inda bai kamata ba ne. Temple Grandin, masaniyar halayyar dabbobi a Amurka, ta yi shekaru tana bayyana wannan: in ka tsaya bayan kafaɗar saniya gaba za ta yi, in ka tsaya gaban kafaɗar baya za ta ja. Mutum ya tsaya daidai kanta yana zabga mata sanda wai ta wuce, jikinsa na ce mata koma, sandarsa na ce mata tafi. Tana gani kusan ko'ina a kewayenta ban da daidai bayan wutsiya, shi ya sa mai zuwa ta nan ba zato yake shan harbi. Murɗe wutsiya kuma yana gocar da ƙasusuwanta, ba ta komawa daidai.

Uwar Ɗalibai ta rubuta:

Likita ya gama da manya, bari in taɓa yara. Malama, kada ki fara da tausayi, ki fara da kallo. Yaro ɗan shekara 9 ba ya jifan kare don ƙiyayya. Ko tsoro ne, ko yana so ya ga abu ya zabura, ko abokai na kallo. Duk ukun suna raguwa in ya iya fassara abin da dabbar ke faɗa da jikinta.

Makonni biyu na farko aikin leƙen asiri za ki ba su. Kowa ya zaɓi dabba ɗaya, ya zauna nesa da ita minti goma, ba taɓawa ba kira, ya rubuta ko ya zana abin da ya gani: ina kunnuwa suka fuskanta, wutsiya sama ko ƙasa, me ta ci, ina ta kwanta, me ya firgita ta. Za ki sha mamakin abin da za su kawo. Wanda ya zauna ya ga kaza na wankan ƙasa tana baza fikafikai, ko tsuntsuwa na kai wa 'ya'yanta abinci a sheƙa sau ashirin kafin ya gaji da ƙirga, ya riga ya san in danƙo ya sami uwar ba ita kaɗai ta mutu ba. Ba sai kin faɗa masa ba, kuma gara kada ki faɗa, ki tambaye shi.

Mako na uku zuwa na biyar na kare ne, domin a nan rai ke ciki. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kare ba ya cizo haka siddan, yana hawa mataki-mataki. Zai yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya lashi hanci, ya kau da kai, farin idonsa ya bayyana, ya matse wutsiya, ya ja baya, jiki ya sandare, sai gurnani, sai kai cafka a iska, sannan cizo. Ki zana matakan nan a kati ɗaya-ɗaya, ki hautsina, yara su jera. Abu biyu su riƙe: kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce, musamman in ta miƙe ƙyam jiki ya yi tauri; kuma kare mai gurnani gargaɗi yake yi. Karen da ake duka duk lokacin da ya yi gurnani yana koyon tsallake gargaɗin ya tafi kai tsaye ga cizo.

Sai a fita fili a gwada da jiki. Yaro ɗaya ya zama kare, sauran su yi abin da za su yi in baƙon kare ya nufo su: a tsaya cak kamar turke, hannuwa a haɗe a jiki, ido a kan ƙafa, baki shiru. Gudu da ihu ne ke tayar masa da sha'awar bi. In ya kayar da mutum, a dunƙule, gwiwa a ƙirji, hannuwa su rufe wuya da kunnuwa. A maimaita wannan kowane mako na minti uku har ya zama jiki. Kuma ba a taɓa kare mai ci, ko mai barci, ko mai shayar da kwikwiyo, ko wanda ke ɗaure.

In cizo ko yaƙushi ya auku, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, a je asibiti a ranar. Ki sa su wanke hannun ɗan tsana ana duba agogo, don su ji tsawon minti 15 a jikinsu, yawanci a minti biyu suke cewa sun gama. Ki kuma yi musu alƙawarin da iyaye za su tabbatar: wanda ya faɗi cewa kare ya cije shi ba za a dake shi ba. Yara na ɓoye cizo don su suka tsokano, ɓoyewar ce ke kisa.

Sauran makonnin a yi su kan riƙo da ɗauri, da 'yar tsana ko matashin kai. Kaza ana rungumar ta ne da hannu biyu, fikafikai a haɗe da jiki. Ba ta da tantanin da ya raba ƙirji da ciki irin namu, in aka rataye ta ta ƙafa kai a ƙasa kayan cikinta na danne mata numfashi. Zomo ba a ɗaga shi ta kunne, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi, don in ya yi harbi a iska yana iya karya bayansa. A koya musu ƙullin da ba ya zargewa, da gwajin yatsu biyu: in yatsu biyu ba su shiga tsakanin igiya da wuya ba, ta matse. Kwikwiyo da ɗan akuya suna girma, igiyar ba ta girma, a riƙa dubawa duk mako.

Hotunan azaba kuwa, a'a. Mai taushin zuciya zai rufe ido ya tafi da mafarki, mai ƙiriniya ya samu sabuwar dabara.

Ɗan Bita ya rubuta:

Ina tare da ku, amma Uwar Ɗalibai, ban yarda a ajiye maganar tausayi gefe gaba ɗaya ba. Dabara ba ta tsayawa in ba ta da dalili a ƙarƙashinta. Ga wanda ya tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare da ruwan da ya ɗebo a takalminsa, dalilin yana nan a zuciyarsa, tunatarwa kawai yake buƙata. A haɗa su ne: a karanta, a tashi a je a duba kwanon ruwan.

Kuma wannan muhawara tsohuwa ce. Ingila ta yi dokar hana zaluntar dabbobin kiwo a 1822, wadda Richard Martin ya kai majalisa, aka kafa ƙungiyar kare dabbobi a Landan a 1824. Ba a jima ba masu wannan aiki suka gane kotu ba ta iya bin kowane mai keken doki lungu-lungu. Shi ya sa a 1875 Catherine Smithies ta fara tara yara ƙungiya-ƙungiya suna ɗaukar alƙawarin kyautata wa dabbobi, George Angell ya yaɗa tsarin a Amurka daga 1882. Raunin irin wannan tsari shi ne abin da Malama ta faɗa tun farko, alƙawarin baki ba ya da wuya. Ko binciken da Frank Ascione ya wallafa a 1992 kan 'yan firamare a jihar Utah, waɗanda aka koyar tsawon shekarar karatu, amsoshin yaran a takarda ya auna. Ra'ayin wasunsu ya gyaru, wannan gaskiya ne, amma takarda daban, bayan gida daban. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne darasi ɗaya na rana ɗaya ba ya yin komai, sai an yi ta bi.

Ga manya kuma a kiyaye kunyatarwa. Ka tara mutane ka nuna jakin wani ka ce ku dubi zalunci, ka rasa shi ka rasa abokansa. A fara da tambayarsa kwana nawa jakin ya yi bai fita aiki ba a watan jiya, sai lissafin ya yi maka wa'azin.

Mai Alli ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya. Likita ya ce akwai kashi na farko, masu jin daɗin abin. In aka samu yaro irin wannan a aji, wanda ke maimaitawa ko bayan an yi darasi, me malami zai yi?

Uwar Ɗalibai ta rubuta:

Wannan ya fita daga hannun darasin aji, Malama. Alamomin da ke raba shi da ƙiriniya su ne: ya wuce shekarun da za a ce bai san zafi ba, yana yi a ɓoye shi kaɗai, yana shiryawa kafin ya yi, yana maimaitawa, kuma ba ya nuna damuwa bayan ya gama. Tun 1987 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa zaluntar dabba cikin alamomin da suke dubawa wajen gano matsalar ɗabi'a a yara, daga 2016 kuma FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta fara ƙididdige shi a matsayin laifi mai zaman kansa. Ba wai duk wanda ya yi zai girma ya zama mai kisa ba, kada a laƙaba wa yaro wannan. Abin da ya fi yawa shi ne yaron yana kwaikwayon abin da ake yi masa ko ake yi a gabansa. Alaƙar ba sabuwa ba ce: a 1874 Henry Bergh, wanda ya kafa ƙungiyar kare dabbobi a New York a 1866, shi aka kai wa kukan wata yarinya da ake azabtarwa, kuma daga shari'arta aka kafa ƙungiyar kare yara a birnin.

Don haka kada a dake shi, kada a tsayar da shi gaban aji. A keɓe shi, a tambaye shi cikin natsuwa me ya faru, me ya ji a lokacin, wa ya taɓa gani yana yin haka. A saurara fiye da yadda ake magana. A rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da kwanan wata, a kai wa shugaban makaranta ko mai ba da shawara, kafin a kira iyaye, domin in daga gida matsalar take, kiran gaggawa na iya jawo masa wani dukan. Kuma kada a ba shi dabba ya kula da ita shi kaɗai wai don ya koyi tausayi. In za a yi, da babba a tsaye.

Likitan Garke ya rubuta:

Ƙari biyu, tunda ba a amsa tambayar awo ba.

A zaman masu kare da kyanwa ki ware minti goma kan magani, don cutar da ake yi da kyakkyawar niyya ta fi yawa a nan. Farasitamol yana kashe kyanwa, ko ƙwaya ɗaya, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi. Dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Maganin ƙuma da kaska na kare mai sinadarin permethrin in ya taɓa kyanwa yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Ibuprofen na huda cikin kare ya taɓa ƙoda. Ki kuma faɗa musu kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. 'Ya'yan da ake zubarwa a bola daga nan suke, maganinsa aikin hana haihuwa a wurin likita. Haka ma zuba wa karnukan titi guba ba ya kawar da haukan kare, wasu ne ke cike gurbin; abin da ke yanke cutar shi ne a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allurar rigakafi.

Awo kuma a jikin dabba ake yin sa. Kafin darasi na farko ki zaɓi dabbobi 20 na gidajen ɗaliban ko na masu zuwa zaman, da izininsu, ki cika takarda mai layi biyar ga kowace: akwai ruwa a gabanta yanzu ko babu, akwai inuwa ko babu, miki nawa ne a jiki kuma a ina, yatsu biyu na shiga ƙarƙashin igiya ko a'a, in mai ita ya matso tana zuwa ne ko tana kaucewa da kai. Ki sake zagayen bayan mako goma, ki kuma sake bayan wata uku. Mutum ɗaya ya yi duka zagayen, a lokaci ɗaya na yini, gara da tsakar rana, kuma kada a sanar da ranar zuwa, in ba haka ba kowane kwano za ki tarar a cike. Layi na biyar shi ya fi jinkirin canzawa, jakin da ya saba da sanda yakan ɗauki watanni kafin ya daina runtse ido in an ɗaga hannu kusa da kansa.